Kaka da Bangon Cocin Bakin Gota

Kwanan baya na shiga kasuwar Malam Atta neman daddawa, sai na ratsa ta wani lungu inda wata 'yar arewa ke tafasa ɓawon ɗorawa a tsohuwar garwa. Warin ne ya tsayar da ni cak. Wari ne mai ɗaci-ɗaci, in ya kama zani sai ya kwana uku bai fita ba. Na yi tsaye a tsakiyar hanya da jaka a hannu, har wata mai dako ta bangaje ni da kwanonta, ta ce in ba saye zan yi ba in ba mutane wuri. Ba ta san ni ba a kasuwar nake ba. Ina can ɗakin kakata a unguwar Maamobi, shekara arba'in baya, ina shinshinar zaninta a ɓoye.

Wannan ruwa na ɓawon ɗorawa shi ake kira makuba. Da shi ake shafe bangon ƙasa don ya yi ƙarfi da sheƙi. Yanzu na san haka. A lokacin ban sani ba, kuma rashin sanin nan ne ya sa na yi wa kakata ɓarnar da ba ta gyaru ba.

Gidanmu kakana ne ya gina shi da ribar goro, ɗakuna goma sha biyu a kewaye, famfo ɗaya a tsakar gida. Ban da mu akwai Zabarmawa, da Kotokoli, da wani Bayarabe mai gyaran agogo, kowa da yarensa a ɗaki, in an fito tsakar gida a koma Hausa. Kakan ya rasu ban san shi ba. Babana ne ladanin ƙaramin masallacin unguwa. Kakata kuwa, wadda ta haifi babana, ita ce mai wankan gawa. Daga bakin babbar gota, kwatar da ta ratsa unguwa, har titin da motocin haya na trotro ke tsayawa, duk macen da ta rasu ita ake aiko wa. Tana da ƙwarya ta musamman rataye a bayan ƙofa, da ƙullin ganyen magarya, da kafur a 'yar kwalba. In aka aiko, ko tuwo take ci sai ta wanke hannu ta miƙe.

Sai ka san asalinta kafin ka gane abin da wannan aiki yake a wurinta. Ba a cikin Musulunci aka haife ta ba. Daga wani ƙauye ta fito can arewa, dab da iyaka, tsagen garinsu na nan a kumatunta, uku-uku. Ta musulunta tana budurwa, lokacin da kakana ya aure ta, ta yi sama da shekara arba'in tana salla, ta fi duk matan gidan sanin farilla da sunna. Amma a Zongo, unguwar baƙi irin tamu, ba a manta wa mutum inda ya fito. In ta zo wucewa a ce "sannu Mma", in ta ba da baya a ce "tubabbiyar nan akwai ƙoƙari". Wankan nan shi ne shaidarta. Mutanen da suka bar ka ka taɓa gawar uwarsu sun yarda da kai ke nan.

Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya, a ɗakinta nake kwana, kuma Allah ya yi ni da sa ido. Ba abin da zai gifta a gidan nan ban gani ba, bakina kuma ba ya ajiya.

A tsallaken gota, bayan wurin masu faskare, akwai wani ɗan coci. Mu yara cocin ƙauye muke ce masa, don da ƙasa aka gina shi ba da bulo ba, kwanon rufinsa duk tsatsa. Ƙararrawarsa ma ƙarfen tayar babbar mota ne aka rataye a darbejiya, ana bugawa da guntun rodi. Masu zuwa duk 'yan arewa ne, masu gadi da lebura da masu kwasar shara. A cikinmu ba wanda ya taɓa shiga, amma kowa ya san abin da ke ciki. Wai akwai mutanen da aka yi da ƙasa a jikin bango masu bin ka da ido. Wai in ka taka dokin ƙofar, Fatiha za ta gudu daga kanka. In aike ya bi da mu ta wajen, da gudu muke wucewa muna tofi.

Akwai wata tsohuwa daga can da takan kawo wa kaka daddawa duk bayan mako biyu. Tsagensu iri ɗaya. An ce mana 'yar garinsu ce. Ba ta shiga ɗaki, a bakin ƙofa take zama kan kujera 'yar tsugunno, su yi ta magana ƙasa-ƙasa da yaren da ba mai ji a gidan. In ta tafi, goggona, ƙanwar babana mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi, takan wanke kofin da ta sha ruwa har sau uku. Sai tsohuwar ta daina zuwa. Wata safiya mata biyu cikin baƙin zani suka tsaya a ƙofar gida, suka ce a kira musu kaka. Suka miƙa mata wani abu ƙunshe a tsumma, hannu bibbiyu. Ta karɓa ta koma ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba.

Daga nan na fara ganin abin da ban gane ba. Lokacin zafin nan ne na gab da damina, wanda kwanon ɗaki ke ƙara da rana, gota ta ƙafe sai wari. Ba tsohon da ke fita a irin wannan rana in ba dole ba. Amma kaka da ta sallame azahar sai ta ɗauki mayafi ta ce za ta Malam Atta. Ba ta dawowa sai dab da magariba, da tumatir uku a ƙulle a gefen zani. Tumatir uku, tun azahar! Na lura ƙarƙashin farcenta ya yi ja, ba jan lalle ba. Zaninta kuma ga wannan wari. Kafin ta yi alwala takan dirje hannu da toka har sau biyu, ta juya wa mutane baya.

Wata safiya tana banɗaki na ɗaga matashinta, na sami tsumman. A ciki dutse ne fari, sumul, girman ƙwan agwagwa, gefe ɗaya ya cinye. Me tsohuwa mai salla za ta yi da dutse a ƙarƙashin kai? Na ɓoye shi a riga na kai wa goggo a bayan murhu.

Ba ta taɓa shi da hannu ba, da bakin ludayi ta juya shi. "Ei, Allah ya tsare mu. Mayar inda kin ɗauko, kar ki faɗa ma kowa." Sannan ta ce kamar da kanta take magana, "To la'asar fa? Ina Mma yake yin la'asar?" Haka muke magana a Zongo, mace da namiji duk "ya" ne. Goggo ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta. Uwarta ce, kuma ta san abin da bakin unguwa ke iya yi. Ba ta ce in bi kaka ba. Ni na sa kaina.

Washegari na ba da tazara na bi ta. Ba ta nufi titi ba. Ta kurɗa ta lungun masu tuyar kifi, ta bi bayan injin niƙa tana waige, ta hau katakon da aka gitta a kan gota. Tun kafin ta tsallake na san abin da ke can. A ƙofar cocin ta tuɓe takalmi, ta shige ba ko sallama.

Na zaga ta gefe, na taka wani kututture, na leƙa ta 'yar taga. Da farko duhu ne kawai. Da idona ya washe sai ga mutanen nan na jikin bango, ashe gaskiya ne, ja da fari da baƙi. A gabansu kuma ga kakata a durƙushe, goshinta dab da bangon, hannunta na kai da komo, leɓenta na motsi. Ban tsaya ganin abin da ke hannun ba. Na diro na zuba da gudu.

Da na yi haƙuri na sami goggo ita kaɗai, da wataƙila labarin ya mutu a bayan murhu. Amma a bakin famfo na tarar da ita, ruwa ya zo, mata sun fi goma a layi da bokitai, har da na maƙwabta. Ina haki na ce, "Goggo, na gani da idona! Kaka ya shiga coci, ya durƙusa ma gunki!" Ta kai hannu ta toshe mini baki, amma maganar ta riga ta fita. Bokitin da ke ƙarƙashin famfo ya cika yana zuba, ba wadda ta janye shi.

Ba wanda ya tari kaka da zancen. Ba haka ake yi ba a wurinmu. Gaisuwa ce ta gajarce. Matar Bayarabe ta daina aiko mata da kwanon miya. In ta fito alwala sai hira ta tsaya, a bi butarta da ido. Har a makarantar allo wata yarinya ta matsa daga kusa da ni. Aka shiga tone-tone: wai dama ba a taɓa jin ta ɗaga murya a addu'a ba, wai dama me take raɗawa in tana wanka, wa ya san da sunan wa take zuba ruwan. Ni kaina na koma kasa kunne in tana salla, ko zan tsinci wata kalma da ba tamu ba. Babana ya rame a tsaye, yana kiran salla, amma ya kasa tambayar uwarsa. Ita kuwa ba ta fasa fita ba.

Ana cikin haka Hajiyar gidan mahauta ta rasu, aminiyar kaka ta shekara talatin, wadda suke zuwa tafsiri tare. Da hantsi muka ji kuka. Kaka ta sauko da ƙwaryarta ta ɗauraye, ta sa magarya da kafur a ciki, ta yafa mayafi, ta zauna a bakin gado tana jiran aike. Ina ɗakin. Duk takun da aka yi a tsakar gida sai ta gyara zama. Hantsi ya ɗaga, rana ta take, ba wanda ya zo. Can sai muka ji tasi ta tsaya a bakin lungu. Unguwar New Town aka je aka ɗauko wata mai wanka. Kaka ta ci gaba da zama da ƙwaryar a cinya har babana ya kira azahar, sannan ta miƙe ta mayar da ita bayan ƙofa. Ban taɓa jin tausayi da tsoro irin na ranar ba. Amma in faɗa maka gaskiya, ko a lokacin akwai inda zuciyata ke cewa ai ita ta ja.

Da aka dawo daga maƙabarta, babana ya durƙusa a bakin ƙofarta. "Mma, don Allah, me ke kai ki can?"

Ta miƙe. "Sai yau ka tambaya? Sa takalminka. Ke ma," ta ce da goggo. Sannan ta juyo kaina. "Har ke mai ido."

Da la'asar sakaliya, kowa na kallo, muka tsallaka katakon nan a jere. Wani tsoho mai kula da cocin, katikis suke ce masa, ya buɗe ƙofar duka don haske ya shiga. Babana ya tsaya daga waje. Ni da goggo muka bi kaka ciki, ina riƙe da gefen zaninta, ina karanta Fatiha a zuci don in tabbatar tana nan.

Bangon dama da na hagu duk zane ne tun daga ƙasa har rufi. An yi yaɓe da jar ƙasa, an tayar da siffofi da yatsa tun yaɓen na ɗanye, sannan aka bi da farar ƙasa da garin baƙin dutse. Ga kifaye a kwando. Ga wani saɓe da tunkiya a wuya, sanye da 'yar shara irin ta manoman arewa. Ga maza sun kewaye akushi ɗaya suna cin tuwo, guda ya juya baya. Ga kada, ga shanu, ga jerin zane mai kusurwa uku-uku da kaka ta ce fasasshiyar ƙwarya ce. Inda aka gama, bangon na sheƙi kamar bayan sabuwar tukunya. Ba wanda ya bi ni da ido. Idanun ma ɗigon baƙi ne kawai.

Tsohon ya ce su bakwai suka tayar da ginin suna samari, in sun tashi daga gadi, a filin da kowa ya ƙi saboda ambaliya. Sun auna shi daidai da cocin ƙauyensu, taku goma sha takwas, don in mutum ya shiga ya ji ya je gida. Ƙasar farko ma daga ƙauyen aka kawo ta a buhu, a motar da ke kawo shanu, aka cuɗa da ta nan. Gini na maza ne, ado kuwa na mata, kuma mace ɗaya ce ta iya a duk cikinsu. Shekara da shekaru tana yi, duk rani kamu biyu ko uku. Saura kusurwa ɗaya ciwo ya kayar da ita.

"Mai daddawa," in ji goggo.

"Ƙanwata ce," in ji kaka. "Ciki ɗaya. Ni na yi goyonta. Shekara talatin tana zama a bakin ƙofata kamar baƙuwa, don kar a ce uwar ladan tana da 'yar'uwa a coci. Ta mutu ban je ba."

Ta kwance tsumman ta fito da dutsen. Ta ce a garinsu, in mace ta mutu ta bar bango bai ƙare ba, ana kai dutsen gugarta ga wadda suka sha nono ɗaya. Ba a rufe makokinta, 'ya'yanta ba sa cire baƙin zani, sai an ƙarasa bangon. Ta durƙusa daidai yadda na gan ta, ta ɗora dutsen ta shiga guga, gaba da baya. Leɓenta ya soma motsi. Na matsa na kasa kunne. Istigfari ne. A bayan ginin kuma ta nuna wa goggo wani wuri shararre a gindin darbejiya, da 'yar buta a jingine. Nan take yin la'asar.

A kusurwar da ta rage akwai mace goye da jariri. An gama jikinta, an gama zaninta, amma wurin fuska fili ne ba komai. "Nan ta tsaya," in ji kaka. "Yaɓe da guga da makuba nake yi. Fuska ba zan yi ba, na san hukuncinta."

"Mma, da kin faɗa mini," in ji babana daga ƙofa.

"Da na faɗa maka, za ka bari?"

Washegari babana ya kai maganar gaban liman. Liman ya ce yaɓen bango ba ridda ba ne, zumunci kuma ba a hana shi ba, muddin ba ta ƙera sura ba. Ya faɗi haka a gaban maza, suka ce madalla. Amma mata ba sa masallaci ranar. Suka ce to, ta yiwu haka ne, sai dai wa ya shiga zuciyarta? Wadda ta ɓoye ƙanwa shekara talatin, me kuma ta ɓoye? Gaisuwa ta dawo, kwanon miya ya dawo. Aike ne bai dawo ba. Ba a sake kiran kaka wanka ba har ta bar duniya.

Ruwan farko ya sauka kwana kaɗan bayan ta daina fita. Sai na gamu da matan nan biyu a hanya, sun cire baƙi. Abin ya tsaya mini a rai, don an ce sai bango ya ƙare. Wata Lahadi bayan an watse na tsallaka ni kaɗai, na leƙa ta tagar. Matar mai goyo ta sami fuska. Ido ɗigo biyu, ɗan baki, da tsage uku-uku a kumatu. Fuskar mai daddawa ce, ba tantama. Katikis kuwa da bakinsa ya ce ba wata macen da ta iya a cikinsu.

Na dawo gida maganar na cin harshena. Kalma ɗaya zan yi, hukuncin liman ya juye. Da yamma na zauna kusa da kaka tana tsince shinkafa, na zuba wa yatsunta ido. Ta ɗago ta dube ni, ni ma na dube ta. Ba ta ɓoye hannun ba. Na jawo faifai na taya ta tsinta. Ban faɗa wa kowa ba sai yau da nake rubutawa. Ko ita ta yi, ko wata ce ta gwada sa'arta, ban sani ba, kuma na daina son sani.

Ba ta taɓa tayar mini da abin da na yi ba, ni ma ban taɓa ce mata ta yafe mini ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Abin da ta yi kawai, da na ƙara wayo, takan tura ƙofa ta kwantar da matashi a kan tabarma ta ce, "Ga mamaciya. Ta ina za ki fara?" Dama kafin hagu. A rufe tsiraici. A tausasa hannu, don tana ji. A kasa gashi gida uku. In na yi kuskure ta buge mini yatsa mu sake daga farko. Na ɗauka kewar aikin ce ke damunta.

Ta rasu ina aure a Nima da 'ya'ya biyu. Na iso na tarar da tsakar gida cike da mata, an ɗora ruwa, amma kowa na duban ƙasa. Wannan ta ce ƙafarta ke ciwo, waccan ta ce ba ta da tsarki. Can wata ta ce ko a aika New Town. A nan na gane dalilin matashin. Ta san ranar nan tana zuwa. Na ajiye mayafi na ɗaura ɗamara, na ce goggo ta riƙe mini buta. Mu biyu muka yi mata, goggo na zuba ruwa tana kuka ba sauti.

Yanzu cocin ya zama bene, da tayil da lasifika. An rushe bangon tun da daɗewa, matasan da ke zuwa ba su ma san an taɓa yin sa ba. Unguwar ta cika ta batse, tsegumi ya koma cikin waya, amma halin yana nan. Ni ake kira yanzu, daga Nima har Maamobi. Kusan duk gidan da na shiga, kafin in kai ɗakin sai wata ta ja ni gefe ta rage murya, tana so ta gaya mini wace ce mamaciyar, ina aka taɓa ganinta, kuma da wa. Ba na bari ta kai ƙarshe. Nakan zare hannuna in ce, "A kawo ruwan, kar ya huce."